Sabuwar riga ga dokin Majo

A unguwar Birni ta Damagaram, can cikin lungunan da mota ba ta shiga, akwai wani gidan ƙasa mai zaure biyu. A zaure na biyu, inda ake jingine tsofaffin tabarmi da turmin da ya tsage, wani babur ya yi shekara 24 a tsaye bai motsa ba. Kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinsa, zanzaro ya yi gini a bakin salansarsa, yaran da aka haifa suka tarar da shi a nan kuwa ba su ɗauke shi abin hawa ba, sun ɗauke shi tamkar ginshiƙi, abin da akan rataya wa riga idan an dawo daga makaranta.

Mai babur ɗin tsohon ma'aikacin lafiya ne, irin waɗanda ake kira majo, kuma da wannan suna kowa ya san shi har Allah ya yi masa rasuwa a 2018. Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Da aka zo kan babur, malamin da ke rabo ya ce ba a raba abin da ba a san kimarsa ba, saboda haka aka kira wani mai sayen tsofaffin ƙarafa. Mutumin ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa injin da ɗan yatsa, ya gwada nauyinsa, ya ce jika 40, shi ma don albarkacin mamaci. Babban ɗan gidan, malamin makarantar firamare ne wanda unguwa ke kira Mushe, ya ce a sa shi cikin rabonsa. Ƙannensa ba su yi gardama ba. Ƙanwarsa ma dariya ta yi, ta ce Yaya ya gaji gidan kaji.

Kafin a ci gaba ya kamata mai karatu ya san ko wane irin babur ne, domin labarinsa ya shafi ƙasar nan fiye da yadda ake zato. Yamaha ne samfurin XT 500, wanda kamfanin ya fara sayarwa a 1976. Injinsa silinda guda ne tak, amma babba, iska ce ke sanyaya shi, ba shi da batirin tayarwa sai ƙafa, nauyinsa kuwa kimanin kilo 140. A ranar 26 ga Disamba 1978 wasu mahaya suka tashi daga birnin Pari a tseren farko na Pari-Dakar wanda Thierry Sabine ya shirya, suka ratsa Aljeriya, suka sauko Agadas da Yamai, suka isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. Wanda ya ci tseren wani saurayi ne Bafaranshe mai suna Cyril Neveu, kuma a kan XT 500 ya ci shi, ya sake ci a 1980 a kan irin wannan babur. Daga nan sunan babur ɗin ya haɗu da sunan sahara a zukatan samarin Turai. A 1983 kamfanin ya fitar da ƙanensa mai tankin lita 30, ya raɗa masa sunan Tenere, wato hamadar da ke gabas da duwatsun Abzin. Har yau ana sayar da babura masu wannan suna a ƙasashen duniya, ga mutanen da galibinsu ba za su iya nuna Nijar a taswira ba. Ƴan ƙasar da aka ari sunan hamadarsu kuwa ƙalilan ne suka taɓa hawan ko guda. Tseren kansa bai bar abin kirki mai yawa a baya ba in ban da ƙura da ɗan cinikin kwana biyu, ga kuma mutanen ƙauyuka, har da yara, da aka take a hanyarsa cikin ƙasashen da ya ratsa. An soke na 2008, aka mai da shi Amurka ta Kudu a 2009, sa'an nan Saudiyya tun 2020.

Amma tseren ya jawo wata al'ada. A shekarun 1980 samarin Turai sukan sayi tsohuwar Peugeot ko babur, su ketaro ta Tamanraset da Asamaka da Arlit, su sayar da abin hawansu a Agadas ko Yamai, su hau jirgi su koma gida da labari. A hannun ɗaya daga cikinsu Majo ya sayi nasa a Agadas cikin 1984, shekarar fari da yunwar da talakawa suka raɗa wa sunan El Buhari, domin a shekarar ce gwamnatin marigayi Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hatsi ya daina shigowa. Abokan aikinsa suka ce ya haukace, ana neman gero shi yana sayen dokin ƙarfe. Shi kuwa yana da dalilinsa. An ba shi wani gidan likita a ƙasar Damargu, ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa suna warwatse cikin rairayi, ƴar mobilet ɗin da yake da ita kuma tura ta yake yi fiye da hawanta.

Majo bai bar babur ɗin yadda ya same shi ba. Tankin da kamfani ya sa masa bai cika lita 9 ba, abin da da ƙyar yake kai mutum daga Damagaram zuwa Tanut idan rairayi ya yi yawa. Sai ya kai shi wurin wani mai walda, aka yanka tankunan ƙarfe biyu na wasu babura aka haɗa su, aka sami guda mai cin lita 18, mai faɗin kafaɗa kamar raƙumi, ba kyan gani ko kaɗan. A baya aka ƙera masa mazaunin ƙarfe daidai akwatin sanyi na allurar rigakafi. Da wannan kama babur ɗin ya yi shekara goma yana yawo tsakanin rugage da rijiyoyi, yana kai allurar ƙyanda, yana ɗauko wanda maciji ya sara. Mushe, wanda a lokacin bai wuce shekara biyar ko shida ba, a kan wannan tanki yake zama idan an zo hutu, hannayensa riƙe da tsakiyar ƙaho, ƙirjin uban a bayansa. Abin da ya fi tunawa shi ne zafin ƙarfen a cinyoyinsa, da warin mai, da yadda bugun injin ke hawowa ta ƙashin baya har cikin haƙora.

Abin da ya kashe babur ɗin takarda ce da aka sa wa hannu a Dakar. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye tamma 50 ya koma 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi, albashin ma'aikata kuwa a shekarun nan sai a yi watanni ba a gan shi ba. Daidai lokacin injin ya fara shan mai yana hayaƙi, yana neman sabon pisto. Majo ya turo shi zaure ya ce sai an biya bashin albashi. Da annobar sanƙarau ta 1995 ta zo, a amalanken shanu ya yi yawon allura. Bashin albashi ya zo a gutsure, ga aurar da ƴaƴa, ga hawan jini, babur dai bai sake fita ba.

A babban hutun 2019 Mushe ya sa yara suka turo shi waje, tayoyin suna ɓarɓashewa a hanya, aka ɗora shi a amalanke zuwa Zango. A can akwai wani tsohon makanike wanda ya yi aiki a Agadas zamanin da Turawa ke ketarowa, yanzu ido ya yi rauni, yaransa ke aiki shi yana zaune a kan benci yana ba da umarni. Garajin cike yake da ƙananan baburan Sin na ƴan kabu-kabu, waɗanda idan sun lalace ba a gyara su sai dai a cire a sa sabo. Da tsohon ya shafa kan injin da tafin hannu sai ya yi shiru, can ya ce: «Ɗan Majo, ka san abin da ka ɗauko kuwa? Wannan ba ya son gaggawa, ba ya kuma son ƙarya.» Mushe ya ce: «Baba, shi ya sa na kawo shi wurinka. Da tsohuwar zuma ake magani.»

Pisto ya manne a cikin silinda kamar an gina su tare. Tsohon ya hana a doke shi. Ya sa aka cire buji aka zuba gazuwal ta ramin, aka bar shi mako uku, kullum da safe a ɗan taɓa, har ranar da ya saki da kansa. Daga nan aka wargaza komai aka shimfiɗa a kan buhu. A nan ne yaran garajin suka ga abin da ba su taɓa gani ba: man injin wannan babur ba a ƙasan injin yake kwana ba, a cikin bututun ƙashin babur ɗin yake, lita biyu da ɗoriya, famfo na tura shi yana dawo da shi. Wanda bai san haka ba yakan auna mai da sanyin safiya ya ga kamar babu, ya ƙara, ya cika shi fiye da kima. Sai da aka wanke cikin bututun sau huɗu kafin baƙin laka ya daina fita. Wutarsa ma ta zamanin da ce, bolt 6, da ƴan maƙallan nan da makanikai ke kira bis filatine, waɗanda sai an daidaita tazararsu da hannu.

Samun kaya shi ne wahalar. An shirya za a kai silinda Kano a faɗaɗa ta, a nemo zobba da sarƙa a kasuwar Sabon Gari, sai ga shi a watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Wanda ke mulkin Najeriya a lokacin kuwa shi ne dai wanda ya rufe ta a 1984. Tsohon makanike ya yi dariya har da tari, ya ce wannan babur da mutumin nan akwai wata a tsakaninsu. Abin da ya taimaka shi ne kamfanin ya daɗe yana ƙera wani babur na titi mai suna SR a kan tushen wannan injin, har 2021 ana sayar da shi sabo a Japan, saboda haka wasu kayan ba su ɓace daga duniya ba. Wani tsohon ɗalibin Mushe da ke karatu a Faransa ya sayo pisto da zobbansa da bawul, ya ba wani mai zuwa Yamai, daga can aka sa su a motar fasinja suka yi tafiyar kilomita 900. Kuɗinsu ya cinye abin da Mushe ya tara don rufin ɗaki. Matarsa ba ta ce komai ba, sai dai da damina ta zo ta ajiye roba a inda ke yoyo, ta tabbatar ya gan ta.

Ranar tayarwa ta zo a farkon 2021. Tayar da XT ilimi ne mai zaman kansa. Mutum zai taka kik a hankali har ya ji ya cije, ya ja ɗan hannun da ke sakin iskar silinda, ya ƙara takawa kaɗan yana duban wata ƴar tagar gilashi a kan injin har alama ta bayyana, ya saki hannun, ya mai da kik sama, sa'an nan ya sauke dukkan nauyinsa a bugu guda ba tare da ya murɗa mai ba. Wanda ya yi rabin bugu, ko ya ji tsoro a tsakiya, injin zai mayar masa da kik ɗin da ƙarfin da ke iya targaɗa idon sawu. Mushe ya sha wannan sau biyu. A bugu na tara injin ya yi tari, ya tofar da gidan zanzaro, ya kama. Ba kuka yake yi irin na ƙananan babura ba, bugu ne ɗaya bayan ɗaya, mai nauyi, kamar mata biyu na daka a turmi guda. Da yamma ya hau shi tsirara, ba tanki sai gorar roba da aka ɗaure da tiyo, ya shiga lungun gidansu. Mahaifiyarsa, wadda yanar ido ta rufe mata gani, tana zaune a tsakar gida. Aka ce ta miƙe ta gyara lulluɓi kafin ta tuna. Da ya shigo ya gaishe ta, abin da ta ce kawai shi ne: «Kai, ka kashe shi a waje mana, ka san ba a shigo da shi da wuta.»

Zuwa nan kowa ya yarda da aikin, domin injin ba shi da ra'ayi: ko ya tashi ko bai tashi ba. Gardama ta fara ne da aka zo kan riga, wato tanki da marufan gefe da gardabu da sirdi, abin da ido ke gani. Tsohon makanike ya ce a mai da shi yadda ya fito daga Japan, da ɗan siririn tankinsa, ko da za a shekara ana nema. Ɗan Mushe, saurayi ɗan shekara 17 da ke lise, ya ce wannan tanki na kaka abin kunya ne, abokansa za su ce tukunyar fura aka ɗora wa babur. Shi so yake a sa masa rigar roba mai tsini irin ta baburan tsere da yake gani a wayarsa, ga su nan ma ana sayar da kwaikwayonsu a kasuwar Dole da ƴan kuɗi kaɗan. Mushe kansa bai san abin da yake so ba. Ya dai san cewa yaron ya yi wata shida yana zuwa garaji bayan makaranta yana wanke ƙusoshi da gazuwal, kuma tun da ya balaga ba su taɓa yin doguwar magana ba sai a kan wannan babur. Uba yakan yi rauni a irin wannan wuri. Ya ce a yi yadda yaron ke so.

Aka sayo rigar, ja da baƙi, mai fitila kamar idon mage. Ba a yi ta don wannan ƙashi ba, sai da aka lanƙwasa ƙarafa aka huda roba aka ɗaure da waya. Aka sa ɗan tankin wani babur na Sin, aka sauke gardabun gaba ya kusa taɓa taya. Tsohon makanike ya ƙi sa hannu, ya juya bencinsa ya fuskanci titi. A gaskiya babur ɗin ya yi kyau a hoto, kuma hoton ya zagaya wayoyin ƴan lise kafin la'asar.

Duk wanda ya zauna a Birni ya san abin da ke faruwa idan aka shafe bangon ƙasa da siminti. Shekara ta farko gidan yakan yi kyau, maigida ya huta da yaɓe. Amma bangon ƙasa numfashi yake yi, yana shan laima da damina yana fitar da ita da rani. Siminti ya toshe shi, laimar ta taru a ciki, wata rana fatar simintin ta ɓallo gaba ɗaya da rabin bangon a jikinta, har da zanen da magina suka yi wa ƙofar gida. Gidaje nawa aka rasa ta haka a wannan gari, da kyakkyawar niyya! Injin da iska ke sanyaya shi ma haka yake. Waɗannan haƙarƙarin ƙarfe da ke jikin silinda ba ado ba ne, su ne hancinsa.

A watan Afrilu, tsakiyar bazara, uba da ɗa suka hau zuwa Mirya, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba. Tun kafin rabin hanya injin ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, warin mai mai ƙuna ya taso. Mushe na neman inda zai tsaya sai girgizar babban silinda ta karya ɗaya daga ƙarafan da ke riƙe da rigar, roba ta zamo ta cije ƙaho. Allah ya sa ba gudu suke ba, kuma gefen hanya rairayi ne. Mushe ya gurje kafaɗa. Yaron kuwa ƙafarsa ta shiga ƙarƙashin babur, salansa ta ƙone masa ƙwauri, tabon da zai tafi da shi kabari. A gidan likita, yana kallon ana wanke ƙunar, Mushe ya tuna cewa mahaifinsa ya yi shekara goma a kan wannan babur cikin daji bai taɓa kawo shi gida da rauni ba. Garin gyaran gira an tashi rasa ido.

Wata biyu babur na jingine, ba mai maganarsa. Yaron ne da kansa, yana ɗingishi, ya shiga zaure ya ɗauko tsohon tankin kakansa ya ajiye a gaban uban.

Aka kai shi wurin wani mai bugun tol a bayan tasha, mutumin da ya saba miƙe gaban motocin da suka yi karo. Cikin tankin ya yi tsatsa, sai aka zuba tsakuwa da tsofaffin ƙusoshi da gazuwal, yara biyu suka yi ta girgiza shi kwana uku kamar masu kaɗa nono, ana zubarwa ana sakewa. Da aka haska fitila aka ga ƙananan huji bakwai a ƙasansa. Walda a kan tankin mai kuwa aiki ne da ya kashe mutane da dama, domin tururin isansi yakan zauna a cikin ƙarfe ko bayan shekaru. Mai bugun tol ya wanke shi da ruwan zafi da omo, ya cika shi da ruwa har kusa da inda zai yi aiki, sa'an nan ya kunna wuta, ya kuma kori kowa daga rumfar. Bayan ya gama ya hura masa iska ya shafa ruwan sabulu a kan kowane ɗinki yana neman kumfa. Marufan gefe da gardabu kuwa sababbi ya ƙera daga alminiyam, ya fara yanka su a kwali yana gwadawa a jikin babur, ya buga su a kan kututturen itace da guduma mai kan katako. Gardabun gaba ya koma sama inda yake tun asali, yadda laka da rairayi za su sami hanyar wucewa. A gaban fitila ya yi ɗan ƙaramin allo mai kare ƙirji daga iska, wanda bai sauko kan injin ba ko da faɗin yatsa. Wannan shi ne rabon yaron a cikin rigar, kuma shi ya zana siffarsa.

Da aka kankare fentin tankin sai aka tarar da launi uku a jere: shuɗi a sama, fari a ƙarƙashinsa, can ƙasa kuma rabin dama ja ne rabin hagu baƙi, shaidar babura biyun da aka yanka. A gefen hagu akwai wata lotsawa mai zurfin tafin hannu. Mai bugun tol ya ɗauko ƙugiyarsa zai ciro ta, ya ce aikin rabin sa'a ne. Mushe ya ce a dakata. Da dare ya tambayi mahaifiyarsa. Ta ce: «Gwiwarsa ce. Shekarar da aka haifi ƙanwarka, ya ɗauko wata mata mai naƙuda daga ruga, an ɗaure ta a bayansa da rawani. Suka faɗa wani kwazazzabo da dare. Ya tare babur ɗin da gwiwa don kada ya danne ta. Ba ka ga yadda yake sallah a zaune ba da ya tsufa?» Mushe ya yi shekara 30 yana ganin uban na miƙe ƙafar hagu a sahu, bai taɓa tambaya ba. Washegari ya ce a bar lotsawar. Mai bugun tol bai ji daɗi ba, ya ce duk wanda ya gani zai ce shi ne bai iya aiki ba, kuma yana da gaskiyarsa. Aka fesa fari a kanta, aka ja jan layi guda a kowane gefe.

Sirdi ne ya zo ƙarshe. Damagaram garin dukawa ne, ba a rasa wanda zai yi shi ba. Badukun da aka samu, dattijo mai ɗinka sirdin dawakin sallah, ya ce jar fatar akuya ta fi kowace laushi da kyau amma ba za ta jure rana da gogayya ba, saboda haka ya yi saman da kirgin sa, ya kewaye gefen da jar fatar, ya sa siririn kore a ɗinkin. Ya yi gargaɗi cewa sirdin fata kamar doki yake, yana son mai yana son inuwa. Mazaunin akwatin sanyi aka mayar da shi inda yake, ko da yake yanzu littattafan ɗalibai yake ɗauka.

Labari ya kai Yamai. A 2022 wani dillali da ke tara tsofaffin babura yana aika su Turai ya zo har gida. Ya duba lambar ƙashi da ta inji ya ga sun dace da takardar mallaka, ya ji bugun injin, ya ce zai ba da miliyan ɗaya da rabi. Ya ƙara da cewa da tankin asali na nan da ya ba da fiye da haka, domin masu saye a can ba sa son abin da aka taɓa. Wannan tanki da sirdin, da zarar sun isa, cire su za a yi a jefar. Mushe ya ce zai yi shawara.

Kafin ya yi shawarar magana ta riga ta shiga gida. Ƙaninsa, wanda ke da ƴaƴa shida da shagon da ba ya ciniki, ya zo da dare ya zauna a zaure, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce: «Yaya, abin da aka yi wa kuɗi jika 40 ne fa.» Ba ƙarya ya faɗa ba. Mushe ya ɗauko littafin da yake rubuta duk abin da ya kashe, tun daga gazuwal har kuɗin baduku, suka lissafa tare a hasken waya, ya haura jika 900, ban da shekara uku na zirga-zirga da ƙafar yaro. Suka je wurin malamin da ya yi rabon. Malamin ya ce rabo ya inganta, domin an yi shi da yardar kowa a kan kimar ranar, abin da ya ƙaru kuwa guminsa ne. Amma ya ce shari'a daban, zumunci daban, wannan kuma ba shi zai yanke ba. Mushe ya kwana biyu ba barci. A rana ta uku ya aika wa dillali cewa ba na sayarwa ba ne. Ya ɗauki nauyin kuɗin makarantar ƴaƴan ƙanin biyu, abin da zai daɗe yana biya fiye da yadda rabon miliyan ɗaya da rabi zai daɗe a hannun kowa. Ƙanin ya karɓa ya yi godiya, amma har yanzu idan babur ya wuce ƙofar shagonsa ba ya ɗaga kai. Rufin ɗaki kuwa sai bayan damina biyu aka yi shi.

Babur ɗin da aka ƙera don ketare hamada yanzu iyakarsa makaranta da kasuwa da Mirya ranar Lahadi. Hanyar da ya biyo daga arewa ba ta Turawa masu yawon buɗe ido ba ce kuma, kuma a wasu sassan ƙasar, kamar Difa a 2015 da Tilaberi a 2020, har hana hawan babur aka yi saboda masu kai hari a kansa. Tankin lita 18 bai taɓa cika ba tun da aka gyara shi. Mushe na zuba masa kwalba biyu ko uku daga masu sayarwa a bakin titi, kamar kowa.

Tsohon makanike bai ga ƙarshen aikin da idonsa ba, don ganin ya tafi gaba ɗaya kafin a gama fenti. Da aka kai masa babur ɗin ya shafa shi tun daga fitila har mazaunin baya, hannunsa ya tsaya a kan lotsawar, ya ce har yanzu shi dai ɗan siririn tankin ya fi so. Sa'an nan ya ce a kira yaron. Ya sa shi ya hau, ya ce ya taka a hankali har ya ji ya cije, ya ja hannun, ya dubi taga. Yaron ya ce ya ga alamar. Tsohon ya ce: «To, kada ka tausaya masa, kada kuma ka taɓa mai.» Bugun farko kik ya dawo ya daki tafin ƙafarsa, yaran garaji suka fashe da dariya. Ya sauka ya ɗan taka ƙasa, ya gyara takalmi, ya sake hawa.